Gawon Baba da Shamuwarsa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Baba ya rasu a ƙarshen bazara, da hantsi, ana ta gyaran gonaki. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, maza suka dawo suka zauna karɓar gaisuwa a gindin gawon ƙofar gidanmu, mu mata muna ciki muna leƙe ta zana.

Wanda duk ya zauna a gindin gawon nan ranar ya koma gida da shaida a jikinsa. Shamuwa na bisa, kuma shamuwa ba ta san zaman makoki ba. Wani alhaji da ya taho daga Ƙonni cikin farar shadda ya yi ta matsawa, duk inda ya koma sai kashi ya bi shi, har ya haƙura ya koma cikin rana. Liman na tsakiyar addu'a aka sako masa a rawani, ya shafa fatiha kamar bai ji ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda tun safe take kuka har muryarta ta dushe, ta hango wannan sai dariya ta ƙwace mata. Ta toshe baki da gefen zane tana cewa a yi mata gafara, halin yayanta ne, ko ya mutu sai ya sa an zauna ƙarƙashin tsuntsayensa.

Ni kuwa mata suka sa mini ido. Na ji wata maƙwabciyata daga Badagishiri, inda nake aure, tana raɗa wa ta kusa da ita wai ɗiyar nan ko ɗigon hawaye babu, ga ta sai kai da kawo take da ƙwaryar fura kamar ranar suna. Na ji ki, baiwar Allah. Na yi kuka, nawa na yi shi tun kafin ku zo. Amma ba zan ɓoye ba, abin da ya cika mini zuciya ranar nan sanyi ne, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Mu a gidan nan ba mutuwar Baba muke tsoro ba, ya tsufa, ya sha jinya, shi kansa yana roƙon cikawa da imani. Tsoronmu kada ya tafi da kalmar da ya furta a kan Yaya, ɗansa na fari, bai janye ta ba. Shi ya sa nake so in faɗi ko wane ne Baba, tun kafin mutane su taƙaita shi su ce wai wani tsoho mai kallon tsuntsaye.

To, mai kallon tsuntsaye ne, ban musa ba. Manomi ne kamar kowa, gero da wake, da ɗan lambun albasa a bakin tapkin da ke gabas da garinmu, a ƙasar Illela. Amma da zarar sanyi ya fita, ruwa ya fara ja baya, aikin lambu ya zama hujja kawai. Sai ya ba albasa ruwa cikin gaggawa, ya je ya zauna a kan wani dutse da ya lafe saboda zamansa, ya zuba wa tapki ido har rana ta yi zafi. A wannan lokacin tsuntsaye ke taruwa, don ƙananan tafkuna duk sun ƙafe, sai namu. Kirinjijiya garke-garke suna fito, dinya, balbela, jinjimi, zalɓe tsaye da ƙafa guda, zakaran ƙeƙuwa yana yi wa kowa tsiwa. In an yi sa'a a ga gauraka biyu can nesa suna rawa.

Ya raba su gida biyu. Akwai ƴan gida, waɗanda ke tare da mu rani da damina. Akwai kuma waɗanda ya sa wa suna ƴan cirani, ƙananan agwagi da wasu masu dogayen ƙafafu da tsinin baki, da ke zuwa bayan kaka su tafi da bazara. Yakan ce su ma kamar samarin garinmu ne, abinci suka fito nema, gonarsu na can arewa inda ba wanda ya sani. Kafin su tashi gashinsu kan sake launi, sai ya dawo gida yana gaya wa Inna cewa ƴan cirani sun fara sa rigar tafiya. Inna ta ce Allah ya kai su lafiya, shi kuma ya kawo albasar da aka aike shi.

Kawu, wan Inna, tsohon soja ne, ya taɓa kawo masa madubin hangen nesa. Baba ya kara a ido, ya daɗe, sannan ya miƙa masa abinsa. Ya ce abu ne mai kyau, ya kawo masa tsuntsu har gaban hanci, amma ya ɗauke masa tapkin. Kawu ya yi fushi, bai sake kawowa ba.

Duk cikinsu ba wadda yake ji da ita kamar shamuwa. Ƴan cirani na tafiya, ita take zuwa, kuma kowa a ƙasar nan ya san in ta zo ruwa ya kusa. Tun zamanin kakanmu suke sauka a gawonmu, a kan wani babban reshe da ya miƙo ta bisa zaure. Tsoffin sheƙunansu na nan shekara da shekaru, in sun dawo gyara kawai suke yi. Ranar da ta fari ta sauka, Baba kan sa a dama fura a raba wa yaran unguwa. Mu kuwa da ke sharar tsakar gida mun san kuɗarmu. Kashi, wari, guntayen kwaɗi da fara, shanya ba dama. Na sha yi masa ƙorafi, don ni bakina ba ya shiru, shi ma ya sani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini, kuma ni kaɗai ke iya gaya masa magana in kwana lafiya.

Yaya ba haka ba. Ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne sosai wajen kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin ya kira sunansa ba. Ban taɓa ganin ya dube shi ido da ido ya yi masa magana ba. Ko suna zaune tabarma ɗaya, sai ya juyo wajena ko wajen Inna ya ce a gaya wa wancan ya kai taki gona. Yaya ya amsa wa iska ya ce to. Haka suka rayu, kuma suna son juna, kowa ya sani. In Yaya ya tafi cirani, Baba kan rame.

Rigimar ta faru shekarar da Yaya ya yi aure. Amaryarsa ta shanya kayan ɗakinta, shamuwa ta yi musu ado. Yaya da zafin ƙuruciya ya ɗauko gatari ya ce yau sai ya sauke reshen nan. Baba na zaune a zaure da baƙi, abokansa dattawa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi Yaya ba. Ni ya duba.

"Uwata, hwaɗa ma wancan, wanda duk yas sa gatari ga iccen ga, ina raye ko bayan raina, ban yahe ba."

Yaya ya ajiye gatari. Dattawa suka ce kai, malam, ai magana ba ta kai nan ba. Baba ya ce ta kai. Kuma shi mutum ne da in ya faɗi abu ba ya komawa, ko a ciniki, ko a alkawari. Garin duka ya san da wannan kalma, har ta zama abin tsokana, in yaro ya jingina da gawon sai a ce masa ya yi hankali.

Shekaru suka wuce. Ciwon yanar ido ya rufe idon Baba a hankali har ya daina gani sam. Bai daina zuwa tapki ba. In bazara ta kama nakan roƙi mijina in zo gida in yi kwanaki, in riƙe masa sanda mu tafi. Ya zauna kan dutsensa ya ce, "Mi kig gani?" In na ce agwagi, ya ce wane irin agwagi, ke kam ido a gare ki kamar ba ki da shi. Dole na koya. Galibi ma kafin in buɗe baki ya riga ya ji su, ni shaida kawai nake bayarwa.

Sai aka shiga shekarun nan na bayan babban fari, damina ta yi ta zuwa rabi-rabi. A ranin ƙarshe na Baba wani Buzu ya sauka bayan gari da matarsa da ƴan awakin da suka rage masa, duk ƙashi da fata. Ya zo gaida Baba, suka yi hira, don Baba na jin yarensu kaɗan-kaɗan. Da zai tafi Baba ya sa aka sauke masa harawar da ke bisa rumfa, fiye da rabi. Inna ta yi magana, ya ce baƙo ne, kuma Allah na nan. Wannan Buzun ya zo gaisuwar mutuwa daga nesa, ya zauna gefe ya ja rawaninsa har ido, kafaɗunsa na rawa. Alheri ne Baba ya yi, ba na ja. Amma harawar nan Yaya ya noma ta, kuma ba a tambaye shi ba.

Kafin bazara ta yi nisa harawarmu ta ƙare. Matar Yaya ta haihu, ciwon nono ya kama ta, nono ya ƙafe. Jaririya ba ta da abin sha sai nonon akuya, awakin kuma ba abin da suke ci sai ƙasa da tsumma. Dajin kusa duk an sassabe shi. Gawo kuwa kun san halinsa, da rani yake ganye. Ga shi nan a ƙofar gida kore shar, jaririya na ciki tana kuka har muryarta ta koma kamar ta ɗan kyanwa.

Wata safiya na ja Baba muka tafi tapki. Ranar ƴan cirani ke ta tashi suna dawowa, ya ce shirin tafiya suke, ya ji daɗi ƙwarai har ya yi mini waƙar ƙuruciyarsu. Da muka dawo, tun daga nesa na hango abin da aka yi. Babban reshen babu shi. Sheƙunan duk suna ƙasa a warwatse, awaki sun dukufa kan ganye. Yaya na tsaye da gatari a hannu. Ya ɗauka zai rage ƙananan rassa ne kawai, amma waɗanda hannu ke kaiwa masu ganye duk a jikin wannan reshen suke. Inna ta fito ta kama bakinta, ta yi mini alama da hannu kada in ce uffan. Lissafinsu shi ne makaho ba zai gani ba.

Na kai Baba tabarmarsa inda ya saba zama. Wurin da ya shekara arba'in da wani abu yana shan inuwa, yau rana ce tsaye. Ya zauna. Ya ɗaga fuska sama, ya daɗe a haka. Awaki na ta tauna a gefensa, ƙamshin ɗanyen gawo ya cika wurin. Sannan ya ce in ja masa tabarmar zuwa zaure, yau yana jin zafi. Bai tambayi komai ba, ranar ko bayanta.

Awaki suka kawo nono. Jaririya ta yi shiru, ta fara cika. Shi kuwa Baba ciwon ƙirji ya kwantar da shi. An kai shi likita a Illela, aka ba shi magani aka ce a koma da shi gida a kula da shi. Kowa ya gane.

Ana nan shamuwa ta iso. Suka sauka a kukar bakin kasuwa, suka sauka a tsamiyar masallaci. Namu suka zo suka yi ta shawagi bisa gawo, su yi ƙasa-ƙasa kamar za su sauka, su sake tashi. Kullum da safe Baba ya ce, "Sun sabka?" In ce suna shawagi. Ya ce to.

Wallahi kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Gwaggo ta zo ta tsaya tsakar gida ta ce kalmar ta kama, tsuntsu ma ya guje mu. A rijiya mata sai su yi shiru in na iso. Yaya ya daina cin abinci, ya daina shiga zaure, da asuba ya fice gona sai magariba. Mutum mai ƴaƴa, na same shi bayan rumbu yana kuka kamar yaro. Ya ce in Baba ya tafi a haka shi ya shiga uku duniya da lahira, noma ma mene ne amfaninsa. Na ce to ka shiga ka durƙusa ka faɗa masa mana. Ya ce da wane baki, shi da bai taɓa fara yi wa Baba magana ba tun da aka haife shi. Na koma wajen Inna, ta ce in aka gaya masa yanzu zuciyarsa za ta buga, mu ne muka kashe shi. Na ce kai, wannan gida, kunya za ta kai ku wuta kuna kallo. Na yi fushi da su duka, har da mai jinyar.

Wata safiya Baba ya ce a kai shi tapki. Ba ya iya tafiya, sai muka shimfiɗa masa a amalanken jaki. Yaya ya ja jakin har bakin ruwa, ya ɗauke shi cak ya ɗora kan dutsensa, sannan ya koma can nesa ya tsaya. Ruwa ya ja baya sosai, saura laka da ɗan tsakiya. Baba ya ce mi kig gani. Na ce kirinjijiya na nan, zalɓe na nan, balbela na bin shanun Fulani. Ya ce ƴan cirani fa? Na duba, na duba, na ce babu ko ɗaya. Ya ce madalla, sun isa gida ke nan.

Ya maida numfashi. Sannan ya fara magana, fuskarsa na wajen ruwa kamar da tapkin yake. Ya ce ita shamuwa ba ganye ta damu da shi ba, wurin ɗora ƙafa take nema. Ya ce tun yana yaro iska ta taɓa karya wani reshe, ya ga mahaifinsa ya ɗauki tsohon kwando ya ɗaure tam a inda rassa suka rabu, ya zuba ƙirare a ciki, ya yayyafa farar ƙasa a bakin kwandon kamar kashi, don ta ɗauka wata ta taɓa zama.

"Da ina da ido da ƙahwa, abin da za ni yi ke nan. Amma ni tsoho na. Sai dai ko wani."

Na dube shi, bakina a buɗe. Ashe tun ranar ya sani. Na taso da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa, na iske Yaya na zayyana masa. Sai ya zauna a ƙasa daɓas.

Kafin la'asar kwanduna na bisa gawo. Inna ta ba da nata na tsince wake, Gwaggo ta aiko da nata, matar Yaya ta kwaɓa farar ƙasa. Mutanen unguwa suka taru suna kallo, wasu na dariya wai yau ga mai yi wa tsuntsu gini. Yaya ya sauko duk ƙaya ta yayyage shi.

Sai jira. Kwana ya bi kwana, shamuwa ta zo ta leƙa ta tafi. Baba kuma kullum ƙara yin ƙasa yake, har ya daina shan fura sai ruwa. Ni kam na fara cewa a raina Baba ya yi mana wasa da lokaci, zai tafi kwando na nan wayam. Na daina barin ƙofar gida, wuyana har ya ƙage don kallon sama.

Ranar da abin ya faru ina tankaɗe, sai na ji matar Yaya ta ce in zo in gani, a hankali. Ɗaya ta sauka a bakin kwandon Inna da kara a baki. Ta juya, ta taka, ta ajiye karan. Can sai ta biyun ta sauka, suka shiga kaɗa baki, ƙwas ƙwas ƙwas. Kafin in kai zaure na ji Baba na kirana, ya riga ya ji. Ya ce a fitar da shi. Yaya ya ɗauko shi ya kwantar a gindin gawo, ya ja da baya zai koma inda ya saba tsayawa.

"Kai," in ji Baba. "Taho nan."

Ba wanda ya motsa, don ba mu san da wa yake ba. Ya sake cewa kai, da kai nike. Yaya ya zo ya durƙusa. Baba ya lalubo kansa ya dafa.

"Ran da nif furta maganar nan ban san za a yi jinjira mai jin yunwa ba. Bakina yay yi gaugawa. Na yahe ma, duniya da lahira. Harawarka kuma da nib bayas ban tambaye ka ba, kai ma ka yahe min."

Yaya ya kifa kai a ƙirjinsa. Inna ta juya ta shige ɗaki, don ita ma ɗan farinta ne, ba ta yin kuka a gabanmu. 

Da la'asar ina ba shi ruwa na ce, Baba, tsakani da Allah, yaushe ka yafe masa? Ya ce tun ran da ya ji jaririya ta daina kuka. Raina ya ɓaci. Na ce shi ne ka bar mu muna cin wuta duk kwanakin nan, mutum ya rame kamar kara, da ka mutu fa? Ya yi ƴar dariya har tari ya sarƙe shi.

"Uwata, in na hwaɗi tun rannan, wa za ya hau shi ɗaura kwandon?"

Bai ƙara kwanaki da yawa ba. Ya sa aka dama fura aka raba wa yara kamar yadda ya saba, ya ji hayaniyarsu, ya ji tsawar farko daga gabas. Ya cika da kalmar shahada, kansa a cinyar Yaya.

To, maƙwabciyata, kin ji dalilin rashin hawayena. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya buɗe ido a inda ruwa ba ya ƙafewa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu tafi ba mu riƙe kowa ba, ba wanda ya riƙe mu.

Ranar addu'ar uku na leƙa ta zana na ga Yaya a gindin gawo, cikin rigarsa guda ɗaya ta kirki, mutane na miƙa masa hannu. Aka sako masa daga sama, fari fat, tun daga kafaɗa har ƙirji. Kawu ya miƙo masa buta ya ce ya wanke. Yaya ya ɗaga kai ya dubi kwandon, ya ce a bar shi.